Da Ɗan Gari Ake Cin Gari: Yadda HIV Ke Aron Kayan Aikin Jikinmu, Da Rabon Maiduguri A Binciken

Old Maiduguri ta girmi birnin da ya ɗauki sunanta. Tana nan tun kafin 1907, shekarar da aka kafa Yerwa ta zama mazaunin Shehu Abubakar Garbai. A yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jere, cike da 'yan asali da kuma baƙin da rikicin da ya ɓarke a 2009 ya raba da ƙauyukansu, wasu a gidajen dangi, wasu a matsugunai irin su El-Miskin. A cikin wannan jama'a, kamar kowace unguwa a Najeriya, akwai masu haɗiyar ƙwayar magani guda kullum ba tare da maƙwabci ya sani ba. Maganin HIV ne, wanda ma'aikatan lafiya ke kira TLD, magunguna uku a dunƙule wuri guda: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Kuma yana aiki. Wanda ya riƙe shi da gaske, cikin kimanin wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ƙirga ta. Jiki ya murmure, a koma kasuwa, a yi aure, mace ta haifi ɗanta lafiya lau.

Sai dai akwai tambayar da ba ta barin ɗakin likita: har yaushe za a yi ta sha? Amsar da likita mai gaskiya zai bayar a yau ita ce, har iyakar rayuwa. Dalilin wannan amsa, da ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ke bi ko Allah zai sa ta canza, suna ɓoye ne a wani wuri da ido ba ya kaiwa, cikin ƙwayar halittar ɗan Adam.

Ƙaramar baƙuwa, babban gida

HIV ba ta da wani kaya mai yawa. Duk bayanin da take ɗauke da shi bai kai haruffa 10,000 ba, a rubuce cikin sinadarin RNA da haruffa huɗu kacal: A da U da G da C. Namu bayanin, wanda ke cikin DNA, ya haura haruffa biliyan 3. Da wannan ɗan guzuri ba ta iya hayayyafa da kanta. Idan ta shiga jini sai ta nemi sojojin jiki masu alamar CD4, ta manne, ta kutsa ciki. Can za ta juya RNA ɗinta ya koma DNA, ta cusa shi cikin namu. Daga wannan lokaci ƙwayar halittar mutum ce ke yi mata bauta: ita ke kwafo saƙonta, ita ke fitar da shi daga cibiyarta, ita ke ƙera mata furotin, har sababbin ƙwayoyi su fito su kama wasu. A jikin wanda ba ya shan magani, an ƙiyasta ana ƙera kimanin biliyan 10 a rana.

Tenofovir da lamivudine suna hana juyawar ne, dolutegravir kuma yana hana cusawar. Abin da aka riga aka cusa, babu ɗayansu da ke iya ciro shi. Wasu sojojin jikin sukan kwanta barci da rubutun cutar a cikinsu, shekara da shekaru. A 1997 masana suka tabbatar da wannan maɓoya a jikin masu shan magani, daga baya kuma Robert Siliciano na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka lissafa cewa sai an yi sama da shekara 70 ana sha kafin ta ƙare da kanta. Shi ya sa mai daina magani, cikin mako biyu zuwa huɗu galibi cutar ta sake bayyana a jininsa.

To a lura: magungunan nan uku duk suna tare hanya ne kafin baƙuwa ta zauna. Abin da ke faruwa bayan ta zauna, lokacin da jikinmu ke kwafo mata RNA yana gyara mata shi, shi ne filin da wani sabon bincike ya shiga.

Baƙi ɗaya, karatu daban

Duk wanda ya zauna a tsangaya a ƙasar Borno ya san rubutu hawa biyu ne. Akwai babbaƙu, akwai farfaru. Marubuci yakan gama jera baƙaƙensa da baƙar tawada, sannan ya dawo da ja ya ɗora wasulla: nan fataha, nan kisira, nan rufu'a. Baƙin yana nan yadda yake, amma karatun ya dogara ga abin da aka ɗora masa. RNA ma haka take. Bayan an kwafo haruffanta, wasu furotin na jikinmu sukan bi su ɗora ƙananan sinadarai a kan wasu haruffan. An san irin waɗannan alamomi fiye da 150. Wadda ta fi yawa a cikin saƙonnin da ake ƙera furotin da su ita ce m6A, wato ɗan gutsuren sinadari mai kabon ɗaya da haidirojin uku da ake maƙala wa harafin A.

An gano m6A tun 1974, amma ta yi kusan shekara 40 ba mai kula ta sosai, domin babu na'urar da za ta nuna a ina take zaune a jikin saƙo. A 2011 Chuan He na Jami'ar Chicago da tawagarsa suka nuna cewa wani furotin mai suna FTO yana iya goge ta. Abin da ake sawa a cire kuwa, lalle yana da aikin da yake yi. A 2012 tawaga biyu, ta Gideon Rechavi a Isra'ila da ta Samie Jaffrey a New York, suka fitar da taswirar wurarenta a dubban saƙonni. Daga nan fage ya buɗe. Masana suka raba ma'aikatan gida uku: masu rubutawa, wato METTL3 da METTL14, masu gogewa, FTO da ALKBH5, sai masu karantawa, dangin YTH, irin su YTHDF1 da YTHDF2 da YTHDF3 da YTHDC1. Su masu karantawar ne ke yanke hukunci: wannan saƙo zai daɗe ko za a rushe shi, zai fita daga cibiya ko zai tsaya, a ina za a yanka shi a haɗe, furotin nawa za a samu daga gare shi.

HIV ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan ma'aikata. Duk namu ne. Ara take yi.

Shekarar da masana suka saɓa

A 2016 ɗakunan bincike uku a Amurka suka buga sakamako kan m6A da HIV, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Tariq Rana na Jami'ar Kalifoniya a San Diego ya ga cewa da zarar cutar ta shiga sojan jiki, alamar m6A kan ƙaru a RNA ɗin cutar da na mutum baki ɗaya. Ya kuma ga alamar a wani yanki da ake kira RRE, inda furotin ɗin cutar mai suna Rev ke kamawa don ya fitar da dogon saƙonta daga cibiya. Da ya rage masu rubutawa sai hayayyafar cutar ta ragu. Da ya rage mai gogewa ALKBH5 sai ta ƙaru. Bryan Cullen na Jami'ar Duke ya yarda cewa alamar tana taimakon cutar, amma shi a can wajen ƙarshen saƙon ya same ta, kuma a gwajinsa masu karantawa na YTHDF ƙara mata ƙarfi suke yi. Sai Li Wu, wanda a lokacin yake Jami'ar Jihar Ohio, ya zo da abin da ya yi kama da kishiyar haka: su dai waɗannan masu karantawa, idan suka yi yawa a ƙwayar halittar da cutar ke shirin kamawa, sukan damƙe RNA ɗinta tun tana shigowa, su hana ta juyewa zuwa DNA.

Mai kallo daga nesa zai ce masana sun rikice. A ganina wannan saɓani shi ne mafi amfanin abin da ya faru a fagen. Kowane ɗaki ya yi aiki da irin ƙwayoyin halittarsa, kowa ya leƙa mataki daban na rayuwar cutar, kuma galibin kayan awon wancan lokaci suna nuna yanki ne mai haruffa 100 zuwa 200, ba su iya ɗora yatsa a kan harafi guda. Da aka ci gaba da tono sai ta bayyana cewa alama ɗaya tana iya zama riba ga cutar a lokacin fita, ta zama tarko a lokacin shiga. Wani bincike da aka buga a 2020 daga ɗakin Viviana Simon a New York ya ƙara haske: YTHDF3 yakan bi sabuwar ƙwayar cutar ya shige cikinta, amma HIV tana da furotin mai yanka da ke datse shi kafin ya yi mata illa. Cutar da ta tanadi makami don wani furotin namu, ta shaida da kanta cewa yana cutar da ita.

Yadda take wucewa gaban masu gadi

Ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ɓad-da-kama. A cikin ƙwayar halittarmu akwai masu gadi, manyansu MDA5 da RIG-I, waɗanda aikinsu shi ne shinshina duk RNA da suka tarar. Na gida yana ɗauke da alamomin gida. Idan suka ga wanda ba shi da su, sai su sa a saki sinadarin intaferon, wanda ke sanar da maƙwabtan ƙwayoyi cewa abokin gaba ya shigo, kowa ya rufe ƙofa.

A 2019 tawagar Yamina Bennasser a birnin Montpellier na Faransa ta buga a mujallar Nature yadda HIV ke tsallake wannan gadi. Cutar tana janyo wani furotin namu mai suna FTSJ3, ta hannun wani da ake kira TRBP, ya ɗora mata alama a wurare 17. Da masu binciken suka ƙera cutar a ƙwayoyin halittar da aka rage wa FTSJ3, sai ta fito tsirara, MDA5 ya gane ta, intaferon ya tashi, hayayyafarta ta ragu. A 2021 Li Wu, bayan ya koma Jami'ar Iowa, ya nuna cewa m6A ma tana yin makamancin wannan aiki wajen kauce wa RIG-I. A tsakanin nan Cullen ya ƙara alamomi biyu a jerin: m5C, wadda furotin NSUN2 ke ɗorawa, a 2019, da ac4C, wadda NAT10 ke ɗorawa, a 2020. Ta biyun tana sa saƙon cutar ya daɗe bai rushe ba, kuma wani sinadari mai suna remodelin da ke danne NAT10 ya rage hayayyafar cutar a kwanon gwaji.

Wannan ka'ida, cewa RNA mai alama yakan wuce masu gadi ba hayaniya, ta riga ta amfani duniya ta wata fuska. Katalin Karikó da Drew Weissman sun bayyana ta a 2005 a Jami'ar Pennsylvania, kuma shi Weissman neman rigakafin HIV ne ya fara kai shi ga RNA. Da iliminsu aka yi allurar korona ta Moderna da ta Pfizer, Karikó da Weissman kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Wajibi ne in faɗi wannan ƙarara, domin mun san abin da jita-jita ta jawo mana a kan allurar shan-inna a 2003: allurar korona ba ta ɗauke da HIV, ba ta da wata alaƙa da ita. Dokar halitta ce guda. Cuta ta yi amfani da ita don ɓarna, likitoci suka yi amfani da ita don kariya.

A 2024 aka samu ci gaban da ya rage gardamar 2016. Tawagar Sanggu Kim a Jami'ar Jihar Ohio ta yi amfani da na'urar da ke zura zaren RNA ta wani ƙanƙanin rami tana karanta shi kai tsaye, harafi da alamarsa. Suka tarar da manyan wuraren m6A guda uku a kusa da ƙarshen saƙon cutar. Da suka cire su, sai yanke-yanken saƙon ya wuce kima, cikakken dogon saƙon da cutar ke buƙata don ƙera sababbin ƙwayoyi ya ragu.

Magani fa?

Dalilin da ya sa masana ke kwaɗayin wannan hanya a fili yake. HIV tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, kuma daga kuskuren take samun nau'in da magani ba ya ci. Haka ta yi wa magungunan nevirapine da efavirenz a Afirka, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a 2019. Amma furotin na jikin mutum ba nata ba ne, ba ta iya sauya shi yadda ta ga dama. An taɓa cin nasara da irin wannan tunani: maganin maraviroc, wanda aka amince da shi a 2007, ƙofar CCR5 ta jikinmu yake toshewa. Ana kuma fatan alamomin RNA su taimaka a kan maɓoyar nan, ko dai a tayar da cutar daga barci don a kashe ƙwayar da ta ɓuya ciki, ko a danne ta yadda ba za ta sake farkawa ba. Masana a Estoniya sun nuna a 2021 cewa sinadaran da ke zaburar da METTL3 suna ƙara fitowar cutar daga ƙwayoyin da take kwance a ciki.

Haɗarin ma a fili yake. METTL3 ba don HIV aka halicce shi ba. Ɓeran da aka cire wa shi tun yana tayi ba ya rayuwa, kuma sojojin jikin da ake son ceto su ma suna buƙatarsa don su yi aikinsu. Kamfanin Storm Therapeutics na Cambridge a Ingila ya ƙera sinadarin da ke danne METTL3, an bayyana shi a 2021, an kuma fara gwada wani ɗan'uwansa mai suna STC-15 a jikin mutane a 2022, amma a kan masu ciwon daji. Mai ciwon dajin da ya ƙi jin magani zai iya jure illa mai tsanani. Mai HIV da ke cikin ƙoshin lafiya da ƙwaya guda a rana ba za a nemi ya jure haka ba. Har yau babu maganin HIV da aka amince da shi da ke aiki ta hanyar alamomin RNA, kuma kusan duk abin da na zayyana a kwanon gwaji aka gan shi.

Na nanata wannan ne saboda yankinmu ya sha wahalar masu da'awar warkarwa. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu. Ƙananan irinsa suna nan a tasha da kasuwa da Facebook da TikTok, kuma sun iya ɗauko kalmar kimiyya su yafa wa kwalbarsu.

Ina Maiduguri a ciki?

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Old Maiduguri da gardamar Duke da Ohio. Tarihi ya haɗa su. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano ƙwayar cutar a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, kuma a wannan shekara Shugaba Shehu Shagari ya buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Najeriya ta bayyana samun cutar a 1986. Cikin rahotannin farko da suka gaya wa duniya halin da ƙasar ke ciki akwai wanda ya fito a mujallar AIDS a 1988, ɗauke da sunayen Farfesa Idris Mohammed da Abdulsalami Nasidi da John Chikwem da Tekena Harry. Daga Maiduguri aka yi ta fitar da binciken jini a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, a kan masu juna biyu da sauran jama'ar Borno, a lokacin da da yawa ke cewa cutar ta Turawa ce. Daga baya asibitin ya shiga cikin cibiyoyin da Jami'ar Harvard ta tallafa wa a ƙarƙashin shirin PEPFAR na Amurka. Ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin shan-inna biyu na ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su yana wannan asibiti, ɗayan yana Ibadan. Garin ba baƙo ba ne a ilimin ƙwayoyin cuta.

Sannan akwai hujjar kimiyya. HIV dangi-dangi ce. Galibin gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne da nau'in B, wanda ya fi yawa a Amurka da Turai, alhali rabonsa cikin masu cutar a duniya kimanin kashi 12 ne cikin 100. A Najeriya nau'in G ne da CRF02_AG suka mamaye, na biyun ma daga Ibadan aka fara bayyana shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a ƙasar nan. Ga kuma jikin da cutar ke zaune ciki: mutumin Jere yana iya haɗa ta da tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin abinci, da yankewar magani saboda gudun hijira, kuma kowannensu yana taɓa yanayin garkuwar jiki. Duk maganin da za a ƙera a kan alamomin RNA, sai an auna shi da irin cutarmu da irin jikinmu. Idan ba mu auna da kanmu ba, za mu jira a auna mana, a lokacin da masu kuɗin suka ga dama.

Cikas ɗin sananne ne ga kowa a garin. RNA abu ne mai saurin lalacewa, ana adana shi a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifili. Maiduguri kuwa ta shiga dogon duhu daga Janairun 2021, bayan an tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, har aka kai ga gina tashar wuta mai aiki da iskar gas wadda aka buɗe a 2023. A ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye manyan sassan birnin da na Jere, ya shiga asibitin koyarwa ya lalata na'urori masu tsada. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirye-shiryen HIV a faɗin Afirka, ya kuma nuna mana ƙarara a hannun wa maganin miliyoyin 'yan ƙasarmu yake.

Duk da haka abin ba gagara-badau ba ne. Na'urar karanta RNA ta ƙanƙanin rami tana da samfurin da bai wuce tafin hannu ba. Cibiyar ACEGID da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Ede ita ta fara karanta bayanin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020. Kusa da gida, Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar binciken BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Abin da aka yi a Damaturu, babu dalilin da zai hana a yi shi a Maiduguri.

Kirana ga Jami'ar Maiduguri da asibitinta, da TETFund, da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas wadda hedikwatarta ke cikin wannan birni, shi ne su ware kuɗi don ɗakin binciken RNA mai wutar sola, a bene inda ambaliya ba ta kaiwa, su tura matasa su koyo aikin da sharaɗin dawowa, kuma duk jinin da za a ɗiba a ɗibe shi da yardar mai shi, a tsare sirrinsa kamar yadda dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ta tanada.

Kai kuma mai karatu, idan ba ka san matsayinka ba, je ka yi gwaji. Idan kana kan magani, gwamnati ta mayar da shi kyauta tun 2006. Ka riƙa karɓa a kan lokaci, ka je awon yawan cutar a jini duk sanda aka ba ka rana, kuma kada labarin wani sabon bincike, har da wannan da ka karanta, ya sa ka tsallake ko da kwana ɗaya.